Salular da yayana ya aiko daga Amurka ta ƙi layin gida

Sanusi (Tawa): Salamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin masu sani. Yayana da ke Amurka ya aiko min salula ta hannun wani ɗan garinmu da ya zo ganin gida. iPhone ce, tsaf da ita, ko ƙwarzane babu. Na cire layina daga tsohuwar Itel na saka mata, ta ƙi. Na karɓi na maiɗakina, na wani kamfani daban, shi ma ta ƙi. Wifi kam tana kamawa a shagon maƙwabcina. Wani yaro a bakin kasuwa ya ce in kawo jikka ashirin da biyar ya dekode min ita kafin la'asar. Wani kuma ya ce rezon Tawa ne, wato sabis ɗin waya, bai kai ƙarfin wayar ba. In biya ko in dakata?

Ɗan Kaita: Kawu, waya ta saba da sanyin Amurka kun kawo ta Adar cikin bazara. Ku ba ta ruwan randa ta huce tukuna 😂

Abdu Mai Gyara: Wa alaikumus salam Malam Sanusi. Dakata, kada ka ba kowa ko dala. Faɗa min abu guda: da ka saka layin, me ta yi? Ta nuna babu rezo ne kawai, sandunan nan na sama ba su fito ba, ko kuwa ta tsaya ta rubuta maka magana a tsakiyar fuskarta?

Sanusi (Tawa): Ta rubuta magana. Ɗiyata ta mayar min da ita Faransanci, ta ce abin da take faɗi shi ne ba ta yarda da wannan layin ba, a saka wanda ya dace da ita.

Abdu Mai Gyara: To ka ga wanda ya ce maka rezo ne bai ko kusa ba. Wayar da ba ta ga rezo ba shiru take yi tana nema. Taka ta ga layin, ta karanta shi, ta ce ba ta so. Kulle take. Ka shiga Réglages, Général, Informations, ka gangara ƙasa, akwai wurin da aka rubuta Verrouillage. In a buɗe take za ta ce babu wani takunkumi a kan layi, in a kulle take za ta faɗa.

Abin da ke faruwa shi ne, can yawancin mutane ba sa shiga kanti su zube kuɗin waya gaba ɗaya kamar yadda muke yi a nan. Kamfanin sadarwa ne ke ba ka ita, kana biya wata-wata tare da kuɗin layi, shekara biyu ko uku. Shi kuma don kada ka ɗauki wayarsa ka koma wurin kishiya, sai ya ɗaure ta, ba ta cin layin kowa sai nasa. Makullin iPhone kuwa ba cikin wayar yake ba balle in kwance ta in ciro shi. Yana can cikin rajistar Apple, rataye da lambar wayar mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, wadda za ka gani in ka danna *#06#. Kamfanin da ya sayar da ita ne kaɗai ke cewa a sake ta, kuma mai layin ne zai nema, wato yayanka. In ya gama biya, ba a karɓar masa komai. Su Samsung ne ke neman a buga musu lambar buɗewa, su ma in aka yi ta buga ta ƙarya sai su rufe ruf.

Ka ma gode Allah taka tana da ramin layi. Tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin sam, sai layin da ake saukewa a ciki. Makon jiya wata baiwar Allah ta kawo min irinta, mun juya ta gaba da baya muna neman inda allura za ta shiga.

Alhaji Mamman: Ni dai ban yarda ba. Komai aka ce laifin waya, laifin waya. Ni tawa a nan na saye ta sabuwa dal cikin kwali, ba wanda ya kulle ta, amma daga na bar kwalta na nufi ƙauyenmu sai ta zama madubi. Rezon ne babu. Kamfanin…

Malam Issufu (mai kula da zaure): Alhaji, a yi haƙuri, na goge ƙarshen saƙonka. Ƙa'idarmu tana nan: a faɗi matsala, a bar sunan kamfani. Mai ƙorafi na gaske ya san hanyar ajans, in ba a saurare shi ba ga ARCEP, ita ce hukumar da aka ɗora wa sa musu ido.

Alhaji Mamman: Na ji Malam. Amma gaskiya dai ba ta goguwa.

Hadiza (Yamai): Baba Alhaji kuna da gaskiya a taku matsalar, Abdu ma yana da gaskiya a ta Malam Sanusi. Ciwo biyu ne daban, mu ne muke kiran su da suna ɗaya. Na yi shekaru ina aikin kula da antan, dogayen ƙarafan nan da ke ba waya rezo, bari in ɗan faɗi abin da na sani.

Antan ba ta jefa magana iri ɗaya. Kamar tashoshin rediyo, akwai zango na ƙasa, irin 800 da 900, akwai na sama, irin 1800, 2100 da 2600. Na ƙasa yana tafiya nesa, yana ratsa bangon laka, amma bai ɗaukar kaya da yawa. Na sama yana ɗaukar intanet mai yawa amma ƙafarsa gajera ce. Shi ya sa a cikin gari kuke ganin 4G, kuna fita ta koma 3G, can gaba ta koma E, wato 2G, sai kira kawai da saƙo. Ita 2G ɗin ma tana da iyaka a yadda aka ƙera ta, kilomita 35 daga antan, wannan kuwa a fili fetal ne. Ƙasar Adar ba fili ba ce. Wanda ya san hanyar Kaita ko Buza ya san garuruwanmu a kwari suke zaune, inda ruwa da ƙasar noma suke, duwatsu sun kewaye su. Antan tana iya zama kilomita goma kacal daga gidanku amma dutse ya tsaya tsakani. Ku hau tudu ku ga sanduna huɗu, ku sauko gida babu ko ɗaya.

Sannan ita antan ɗin tana cin wuta dare da rana. A daji babu wutar lantarki, sai janareto da gazuwal, ko farantan sola da batura. Gazuwal ya ƙare motar kai shi ba ta iso ba, ko batura sun tsufa, gari ya kwana shiru. Ku tuna lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har a nan Yamai sai ka ga rezo ya yi ƙasa in ɗaukewar ta daɗe.

Ɗan Kaita: Anti Hadiza kamar kin je garinmu. Mu can wuri guda ne rezo ka sauka, bisa tudu bayan makaranta, gindin wani gawo. Tsohonmu ya kafa ƙusa ga iccen. Da safe kowa ya kawo salula tai, a sa cikin leda a rataye. Akwai yaro guda da anka ɗora ma aikin, shina zaune nan shina kiwon awaki. In wata ta yi kuka shi duba ledar wa ce, shi sheƙa da gudu cikin gari: "Inna Hajo, ɗanki na Libiya!" Kahin tsohuwa ta hau tudun da sandarta kiran ya katse sau ukku. Ƴan bida duk sun san haka, shi ya sa ba su hushi, sai su jira minti goma su sake kira. Ranar da anka yi iska ledar wani ta hwaɗi cikin ƙaya, munka kwana nema.

Alhaji Mamman: Ka ji ko? Shekara nawa muna saka kiredi, a ce har yanzu gawo ne ajans ɗinmu.

Hadiza (Yamai): Baba, abin da zan ba ku shawara, kafin ku yanke wa kowa hukunci ku tambayi mutanen garin wane layi ne ke kamawa a can. Kamfanoni huɗu ne a ƙasar, Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecoms, kuma ba wuri ɗaya kowa ya kafa antan ɗinsa ba. Wanda ya fi ƙarfi a unguwarku a Tawa yana iya zama babu shi a ƙauye, wani ya fi shi. Kada ku bi talla, ku bi bakin mai shagon cajin garin, shi ya san layin da ke cikin kowace waya.

Wata magana ga Malam Sanusi: ko an buɗe waya, a duba zangon da take ji. Amurka da namu ba ɗaya ba ne, su 2G ɗinsu ma a 850 da 1900 suka gina ta, mu 900 da 1800. iPhone ba ta da wannan damuwar sosai, tana jin zango da yawa. Ƙananan Android masu araha da aka yi don kasuwar can kaɗai su ne za ka buɗe, kira ya shiga, amma 4G ta ƙi fitowa har abada. Wannan ba mai gyaran da zai iya masa komai.

Hajiya Rabi: Tunda an taɓo rezo, ku bar ni in sauke nawa. Ni matsalata ba rashinsa ba ce, yawansa ne. Watan jiya na taso daga Yamai zan shiga Sakkwato sarin atamfa, dare ya yi mana a Ƙonni, na kwana gidan ƙanwata. Ban taka Najeriya ba fa, ko Illela ban gani ba. Da yamma na saka kiredin jikka biyar, na ce in na tashi da safe in sayi fas na intanet in kira masu kaya. Na sa waya caji na kwanta. Asuba na duba, dala goma sha ɗaya ta rage. Na ce wa ƙanwata yaranki sun taɓa min waya. Ta rantse, yaran suka rantse, har ƙaramar ta yi kuka. Sai babban ya karɓa ya duba, ya ce "Inna, ai wayarki tana Najeriya." Na duba sama, sunan da ke rubuce ba na kamfanina ba ne, ga wani ɗan harafin R a gefe. Ga saƙo kuma ya shigo tun ƙarfe ɗaya na dare wai barka da zuwa Najeriya. Ni ina kan katifa a Ƙonni ana yi min barka da zuwa! Kunyar da na ji ta zargin yaran nan ta fi min zafin kuɗin.

Lawali Direba: Hajiya wanga ya ci mu duka. Ƙonni, Gaya, Ɗan Isa, duk bakin iyaka haka ne. Salula ba ta san duwan ba.

Hadiza (Yamai): Sannu Hajiya. Abin da ya faru, waya in tana kan otomatik, da ta rasa rezon gida ko na minti ɗaya ne, sai ta kama duk wanda ta samu da ke da yarjejeniya da kamfaninku. Antan ɗin Illela kuwa ba ta tsayawa a shingen iyaka. Wataƙila ta Ƙonni ta ɗan ɗauke cikin dare, wayar ta tsallaka, intanet a kunne, sai ta shiga sauke hotuna da bidiyon zaurukan WhatsApp da farashin baƙunta. Fas ɗin gida bai aiki a can, kai tsaye daga kiredi ake yanka.

Magani biyu ne, duka kyauta. Ku shiga wurin saitin layi ku kashe intanet na romin, wato amfani da layinku a rezon wata ƙasa, a Faransanci an rubuta itinérance. Wannan ku bar shi a kashe kullum. Sannan in za ku kwana a bakin iyaka, ku cire zaɓen rezo daga otomatik, ku zaɓi kamfaninku da hannu. In ya ɗauke, wayar za ta zauna babu rezo har ya dawo, ba za ta je maƙwabta ba. Wata wayar lambobi take nunawa a maimakon suna: duk wanda ya fara da 614 na Nijar ne, 621 na Najeriya. Sai dai ku tuna ku mayar da ita otomatik in kun tsallaka da gaske, in ba haka ba ku isa Sakkwato kuna cewa waya ta mutu.

Hajiya Rabi: Allah ya yi miki albarka ɗiyata. To kuɗina fa, sun tafi kenan?

Hadiza (Yamai): Ku je ajans da katinku na ɗan ƙasa, ku ce a fitar muku da bayanin abin da aka yanka a daren, ku shigar da ƙorafi a rubuce. Ban yi muku alkawari ba, amma zuwa da kai ya fi saƙo.

Malam Issufu (mai kula da zaure): Yaran yanzu ba za su tuna ba, amma wannan magana ta tsallaka iyaka da layi ɗaya ba sabuwa ba ce. Zamanin Celtel, kamfanin da Mo Ibrahim ɗan Sudan ya kafa, sun fito da wani tsari da suka kira One Network. Sun fara shi a 2006 tsakanin Kenya, Uganda da Tanzaniya, a 2007 ya iso mu, da Najeriya da Burkina da Cadi. Ka shiga Kano da layinka, a kira ka ba ka biya, ka sayi katin can ka kankare ka saka. Na yi amfani da shi da kaina lokacin da na kai mahaifiyata asibiti. Daga baya Celtel ta zama Zain a 2008, Zain ta zama Airtel a 2010. Haka Telecel ta zama Moov, Orange ta sayar a 2019 aka samu Zamani, Sonitel da SahelCom aka haɗe su a 2016 suka zama Niger Telecoms. Ni akwai wani layi da ke hannuna tun farko, suna uku ya ci, lambar ba ta motsa ba. Abin da ya sa nasu ya yi sauƙi a lokacin, kamfani ɗaya ne a ɓangarorin iyaka biyu, aljihun dama ne ke biyan na hagu.

Ɗan Kaita: Malam ni abin da ban gane ba, mi ya sa in anka kira ni ina waje ni ma a yanke ni? Ai shi ya kira.

Hadiza (Yamai): Saboda shi lambar Nijar ya buga, kuɗin gida ya biya, bai ma san ka yi tafiya ba. Kiran zai fara zuwa wurin kamfaninka a nan, su duba rajistarsu su ga kana Lome, sai su tura shi can ta layin ƙasa da ƙasa, kamfanin Togo ya kai maka shi ta antan ɗinsa. Wannan tafiyar ta biyu ita ce ake ɗora maka, sai in ƙasashen sun yi yarjejeniyar yafe ta.

Lawali Direba: To nan ne ni ke da labari mai daɗi. Tun da anka rufe gadar Gaya mu hanyar Burkina muka bi da albasa, Tera, Dori, Kaya, Wagadugu. Da, ina isa Dori sai in hidda layina in sa na can, kowa ya neme ni bai samu, maigida shina zaton na sayar mai da mota. A watan Nuwamba 2024 hukumomin sadarwa na Nijar, Mali da Burkina sunka sa hannu nan Yamai bisa cire kuɗɗin romin tsakaninsu. Tahiyata ta bayan nan na bar layina ciki, iyali sunka kira ni har Wagadugu, na amsa ba a taɓa min kiredi ba. Abu guda na koya: duk lambobin gida a aje su da +227 a gaba. In ba haka ba kana can ka buga alƙaluma takwas, salula ta yi zaton mutumin Burkina kake nema, su ma takwas ne nasu. Na taɓa tada wani bawan Allah da tsakad dare ina ce mai Hajiya.

Mamman Sani (Abijan): Lawali ku kun ji daɗi. Mu nan Kodebuwa ba ma cikin wannan. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ma ta yi irin dokar tun 2017, aka daɗe ba a aiwatar ba, sai 2023 Gana da Kodebuwa suka fara tsakaninsu, mu kuma ga shi mun fita daga ƙungiyar a Janairun 2025. Amma gaskiya ko da ana yi, an yi abin ne don matafiyi, kwana talatin dokar CEDEAO ta ce. Wanda ya zo bida zai yi wata takwas, layin ƙasar zai saya, babu makawa. Ni wayata Tecno ce mai layi biyu: na Abijan a rami na ɗaya, shi ke da intanet, na gida a rami na biyu, intanet a kashe, don saƙo kawai. Kuma a gaya wa na gida, lambobin nan sun koma alƙaluma goma tun 2021, na Benin ma sun koma goma a ƙarshen 2024. Har yanzu akwai tsofaffin da ke buga tsohuwar lamba daga takarda suna cewa ɗansu ya ƙi ɗauka.

Zuwaira: Tambaya don Allah. In na sa layin wata ƙasa, WhatsApp ɗina zai tafi? Aikin Hajji nake shiri in sha Allah, an ce min in sayi layin Saudiyya.

Abdu Mai Gyara: Allah ya sa a je lafiya. Ba zai tafi ba. WhatsApp yana nan da lambarki ta +227 ko wane layi kika saka, intanet kawai yake so. In ya tambaye ki ko ki sauya lamba, ki ce a'a. Abin kiyayewa, kada ki goge shi ko ki sauya waya a can, don zai aika lambobi shida ta saƙo zuwa layin gida, in ba ya hannunki kin shiga uku. Ki tafi da shi ko da a jaka ne.

Mamman Sani (Abijan): Kuma kada a bar layin gida ya mutu. Layin da ya daɗe ba kira ba kiredi, kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani. Wani abokina ya yi shekara biyu a Libiya bai waiwayi nasa ba. Ya dawo ya buga lambarsa don gwaji, wata mata ta ɗauka. Shi da ke karɓar kuɗi a kan lambar, duk masu bashinsa wannan lambar suka sani. Ni duk wata sai na sa ƙanena ya jefa min ko dala ɗari ce.

Alhaji Mamman: To ga tambayata, kuma Malam ban kama suna ba. In na gaji da kamfanina, me ya hana in koma wani da lambata? Shekara goma sha biyar tana jikin allon shagona, tana bakin duk wanda na taɓa ciniki da shi. Ita ce ta ɗaure ni, ba son su nake ba.

Malam Issufu (mai kula da zaure): Ana yin haka a wasu wurare. Najeriya ta fara a 2013, Gana ta riga ta tun 2011, Senegal 2015. Ka je wurin sabon kamfani da shaidarka, su ja lambar ta dawo wurinsu. Ni dai da na ƙara layi na biyu a nan, sabuwar lamba aka ba ni.

Hajiya Rabi: Abokan cinikina na Sakkwato suna da wannan damar, amma kowa cikinsu layi biyu ko uku ne da shi kamar mu. Na tambayi ɗaya, ya ce Hajiya in na kwashe ƙwaina na zuba a kwando ɗaya, ranar da ya faɗi fa?

Hadiza (Yamai): Ni ina ganin ko ba kowa zai yi amfani da shi ba, yana da amfani, don kamfanin da ya san kana iya tafiya da lambarka ya fi lallashinka. Amma Baba Alhaji, ba zai kai antan ƙauyenku ba. Inda babu, babu ne.

Alhaji Mamman: Ai shi ya sa na ce a fara da antan.

Sanusi (Tawa): Jama'a na dawo. Na duba inda Abdu ya ce, a kulle take. Na kira yaya ta WhatsApp. Da farko ya ce ai sabuwa ce, shi da hannunsa ya saya. Na karanta masa bayanin Abdu, ya yi shiru, can ya ce saura wata huɗu ya gama biya, bai san hakan zai hana ta aiki a nan ba. Ban ga laifinsa ba, alheri ya yi niyya. Yanzu yaron bakin kasuwa ya sake aiko min, ya sauko jikka ashirin.

Bashir: Ni fa kawu na ce ku ba shi. Tawa ma daga waje ta zo a kulle, an yi min, ga ta ina rubutu da ita yanzu. Wata huɗu ana kallon waya kamar hoton bango?

Abdu Mai Gyara: Bashir, ciro ramin layinka ka duba, ka faɗa wa zaure abin da ka gani a ƙarƙashin layin.

Bashir: Akwai wani ɗan falle siriri kamar takardar alewa mai ruwan zinariya.

Abdu Mai Gyara: Shi ne. Ba a buɗe maka waya ba, an sa mata ɗan rakiya ne da ke yi mata ƙarya cewa layin na kamfaninta ne. Yana aiki, ban ce ba ya yi ba, ni ma na sha saka wa mutane in sun nace. Amma faɗa mana gaskiya: ka taɓa sabunta ta tun lokacin? In ka sauya layi fa?

Bashir: An ce kada in sabunta. Rannan da na je Abalak rezo ya ɓace, sai da na kashe na kunna sau biyu. Batir ma tana ɗan sha.

Abdu Mai Gyara: To ka ji. Kuma fallen nan bai kai rabin rabin abin da aka ce Malam Sanusi ya kawo ba. Ɗaya hanyar da suke bi, su biya wani a intanet da ya ce yana da hannu a cikin kamfanin. Wani lokaci ta buɗe, wani lokaci kuɗi su tafi, wani lokaci ta buɗe wata biyu ta sake rufewa. A waya da ake bin ta bashi kuwa abin ya fi haɗari: in yayanka ya daina biya, kamfanin zai sa IMEI ɗinta cikin baƙin littafi, shi ma sunansa ya ɓaci a can wurin masu ba da bashi. Duk wanda kuma ya ce zai sauya maka IMEI, tashi ka bar shagonsa, a ƙasashe da yawa laifi ne, aikin masu wayar sata ne.

Wata huɗu ba shekara ba ce. Ranar da ya biya na ƙarshe ya nemi su sake ta, ya ba su IMEI. In sun amsa, kai a nan ka haɗa ta da wifi ka saka layinka, shi kenan. Abu ɗaya ka tabbatar tun yau: ya cire asusunsa na iCloud, wato na Apple, daga kanta, ko ya ba ka kalmar sirrin. Wancan makullin daban ne, ya fi wannan sharri, in ta rufe da shi ko ni sai dai in saye ta a kayan gyara.

Sanusi (Tawa): iCloud ya cire tun kafin ya aiko, ɗiyata ta buɗe min nawa. To na haƙura. Itel ta koma bakin aikinta. Na ce wa yaron ya bari, ya ce in na sake shawara yana nan.

Hadiza (Yamai): Kafin nan in kuna son amfani da ita a waje, wayar maiɗakinku in Android ce tana iya raba mata intanet. Ko ku sayi ɗan akwatin wifi na aljihu ku sa masa layi, kuɗinsa na nan kusa da abin da za ku ba yaron, kuma zai yi wa gidan duka aiki.

Sanusi (Tawa): Wannan sai na yi shawara da mai wayar, don tun jiya ba ta hannuna. Ɗiyata ta ce za ta riƙe min ita kada ta yi ƙura.

Ɗan Kaita: Kawu wannan makullin ko Apple ba su da mabuɗinsa 😂

Hajiya Rabi: Hadiza, na shiga saitin, na ga itinérance ɗin har wuri biyu, layi na ɗaya da na biyu. Duka zan kashe? Jibi zan sake kwana Ƙonni.

Hadiza (Yamai): Duka biyun Hajiya. Ku kai wa ƙaramar alewa kuma.